Ɗan Notin da Ke Riƙe da Ƙafar Keke

 Ɗana, jiya da la'asar da ka shigo gaishe ni, na ga ƴar ledar da ka zaro daga aljihu kana nuna wa ƙannenka, cike da ƙananan notunan sifok masu launi, ja da shuɗi da ruwan gwal, kana cewa da su za ka ɗaure ƙafafun keken da ka sayo. Ban tanka maka ba a lokacin, domin ba a yi wa mutum gyara a gaban ƙannensa, kuma murnar da na gani a fuskarka ba ta cancanci a katse ta ba. Amma na kwana da abin a raina, saboda haka na ce bari in zauna in rubuta maka a tsanake, yadda za ka karanta kai kaɗai, ka juya maganar a zuciyarka, in ka ga da gaskiya a ciki ka ɗauka.

Na san a idonka wannan ƙaramin abu ne. A yarintarmu ma da shi muke yin bindigar wasa, muna ɗaukarsa tarkace. Sai da hannuna ya daɗe a cikin gyaran keke sannan na gane cewa duk ƙafar nan, da rim ɗinta da tayarta da mai hawa da kayan da ke kan kariya, a wuyan waɗannan ƴan notuna take rataye. Sifok waya ce siririya, in ka tsayar da ita ka danna da tafin hannu nan take za ta lanƙwashe, ba ta da ƙarfin tokare komai. Ƙarfinta a ja yake. Kanta ɗaya yana maƙale a hob, ɗaya kan kuma yana da tiredi, shi ne ke shiga cikin notin da ke zaune a ramin rim, kuma duk juyin da ka yi wa notin ƙara ɗame wayar kake yi. A ƙafar da aka ɗaure da kyau, jan da ke kan kowace waya yakan kai kusan kilo 100, wato kamar a ce kowane ɗan noti yana riƙe da buhun masara guda, dare da rana, ko ana hawan keken ko yana jingine a zaure. Sannan in ana tafiya, duk wayar da ta zagayo ƙasa takan ɗan saki, da ta wuce ta sake ɗamewa, haka za ta yi ta yi sau dubbai tsakanin gida da gona. Abin da ke shan wannan wahala ba a zaɓensa don launi, ɗana.

Wannan dabara ta daɗe. A garin Coventry na Ingila wani maƙeri mai suna James Starley ya fito da salon gicciya wayoyin ƙafa a 1874, kuma har yau kusan a kansa ake tafiya. Tsofaffin kekunan Raleigh da iyayenmu suka hau, masu taya 28 da birkin sanda, wayoyi 32 ake sa musu a gaba, 40 a baya, domin maƙeran sun san baya ce ke shan nauyi. Kekunan da suka cika kasuwanninmu daga baya, da sauran na zamani, da yawansu 36 ne gaba 36 baya. Ko ta wace hanya ka lissafa dai, notuna 72 ne. Riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

A kasuwa iri uku za ka tarar. Akwai na baƙin ƙarfe da aka shafe da tutiya don ya yi haske, shi ake yawan sa wa kekuna masu araha, damina ɗaya ko biyu ya yi tsatsa ya haɗe da wayar, kuma ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba, ka bar shi inda ka gan shi. Akwai na tagulla, wadda haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, akasari an lulluɓe shi da nikel shi ya sa kake ganinsa fari. Sai kuma na alminiyam, goran ruwa ke nan a bakin manya, irin wanda ke cikin ledarka. Gane su ba wuya. Ka sa mayen ƙarfe, wanda ya yi tsalle ya maƙale baƙin ƙarfe ne. Sauran biyun ka ɗauki guda ka goga a jikin dutse ko zarto, in rawaya ta leƙo daga ƙarƙashin farin to tagulla ce, in kuwa fari ne har ciki alminiyam ne. Ko a tafin hannu ma za ka ji, domin tagulla ta ninka alminiyam nauyi kamar sau uku. Kada ka ji kunyar yin wannan gwaji a gaban mai shago, ka dai nemi izininsa cikin ladabi ka biya kuɗin gudan da ka goge, mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

To, wannan rashin nauyi shi ne abin da aka yaba maka, na ji kana faɗa wa ƙannenka. Mu yi lissafinsa tare. Notin tagulla mai tsawon milimita 12 nauyinsa kamar giram 1 ne, na alminiyam kuma kamar sulusin haka. In ka canza duka 72, abin da ka rage wa kekenka bai wuce giram 50 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na ledar ruwa guda da kake saya a bakin titi. Kai da za ka ɗora jarkar ruwa a baya, ko buhun taki, ko ka goyo ƙanwarka zuwa Islamiyya, ina za ka ji wannan bambanci a ƙafarka? Ɗan tseren da ke hawan duwatsun Faransa, wanda mota ke bin bayansa ɗauke da wasu ƙafafun, kuma akwai makanikin da ke duba masa keke kowane dare, shi yana da dalilin ƙirga giram. Mu abin da muke nema a wurin noti dabam ne, shi ne bayan shekara biyar in mun sa masa makulli ya juya.

A nan nake so ka dakata da ni kaɗan, domin nan ne gindin maganar. Babu ƙafar keken da ba ta buƙatar saiti. Ka faɗa rami, ka hau kan dutse, ka yi lodin da ya wuce ƙa'ida, sai ka ga ƙafa ta fara rawa tana gugar birki, kuma maganin wannan rawa ba komai ba ne illa a ɗan ɗaure wannan noti, a ɗan sassauta wancan, har rim ya dawo kan layinsa. Muddin notuna suna juyawa, aikin minti goma ne a ƙarƙashin inuwa. Ranar da suka ƙi juyawa kuwa, ƙafar da lafiyarta ƙalau ta zama ta yankewa, a sa filaya a datse wayoyi ɗaya bayan ɗaya, a sayi sababbi, a sake ɗauri daga farko. Tagulla tana da santsi a jikin ƙarfe, ba ta saurin kama tiredi, kuma kafaɗunta huɗu da makulli ke riƙewa suna jure murɗa. Alminiyam yana da taushi, in makulli ya ɗan yi masa yawa ko hannunka ya goce sau ɗaya, sai kafaɗun su murje su zama zagaye, daga nan kuma babu abin da zai sake kama shi.

Taushin ma da sauƙi, babbar cutar alminiyam ita ce zamansa da maƙwabcin da ba jinsinsa ba. Ka san yadda batir yake, ƙarafa biyu mabambanta da ruwa mai gishiri a tsakaninsu, wuta ta riƙa gudana, ɗaya daga cikinsu yana cinyewa a hankali. Haka yake faruwa a cikin tiredin nan. Waya mai kyau ƙarfen da ba ya tsatsa ce, noti alminiyam ne, da zarar ruwa mai ɗan gishiri ko gumi ko ruwan kwata ya shiga tsakaninsu an haɗa ɗan batir, kuma wanda ke cinyewa shi ne alminiyam. Za ka ga wani farin gari kamar toka ya fito a bakin ramin rim, wannan garin kuma ya fi ƙarfen da ya fito daga cikinsa cin wuri, saboda haka sai ya cika tiredin ya ƙulle shi tamau, ko ya tsaga notin daga ciki. Idan rim ɗin na kabon ne, irin na manyan kekunan tsere, cin ya fi sauri. Launin nan mai kyau da ke jikin notunan alminiyam wata fata ce siririya da aka yi musu da lantarki, tana ba da kariya gwargwado, amma duk inda makulli ya karce ta ko bakin rim ya goge ta, ƙofa ta buɗe.

Za ka iya ce mini ai mu nan ƙasar fari ce, ba teku ba gishiri. Gaskiyarka, a rani abin yana tafiya a hankali, kuma wanda ke Legas ko Kwatano ko Ankara, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, ya fi mu shan wannan wahala. Amma ka tuna daga ina kekenka ya fito. Waɗannan kekuna ƴan Kwatano da ake saukewa a kasuwanninmu, da yawansu sun yi shekaru a ƙasashen da ake watsa gishiri a kan titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, sannan suka yi makonni a cikin kwantena a kan teku. Fenti yana ƙyalli, taya tana da zane, amma ka cire taya da tiyub, ka ɗaga robar da ke rufe kawunan notuna, ka ga abin da ke ƙarƙashi. Kafin ka biya kuɗin irin wannan keke, ka roƙi mai shi ya bar ka ka gwada noti uku ko huɗu a kowace ƙafa. Kuma damina ta nan ma ba wasa ba ce ga wanda ke ratsa ruwan unguwa kullum ya jingine keke da laka a jikinsa.

Bari in ba ka labarin abin da har yau in na tuna shi zuciyata ba ta yi mini daɗi. Wani bawan Allah mai kai madara da nono gari daga ruga ya kawo mini ƙafar baya in sake masa ɗauri. Ranar notunan tagulla sun ƙare mini, yamma ta yi, shi kuma yana so ya koma kafin magariba, sai na ɗauko na alminiyam da na cire daga wata ƙafa na sa masa. Wayoyin da nake da su kuma sun ɗan gaza, ba su iso har kan notin ba, na gani da idona, na ce a raina ai za su riƙe. Ban gaya masa ba. Bayan wasu watanni, a tsakiyar damina, sai ga shi ya turo keken da ƙafa, wandonsa duk laka, notuna uku sun fille daga wuya a kan hanya, ƙafar ta karkace ta kama, ya faɗi, madarar ranar duka ta zube. Bai ɗaga mini murya ba. Cewa kawai ya yi, Malam, ƙaddara ce. Ni kuwa na san ƙaddarar ta bi ta hannuna ne, saboda haka na gaya masa gaskiya, na nemi gafararsa, na sake masa ɗaurin ban karɓi ko kwabo ba, amma cinikin da ya rasa ranar ban iya mayar masa ba. Abin da na koya a aikace shi ne, kan notin ne ke zaune a kan rim yana ɗauke da duk jan, saboda haka dole waya ta shige har ta iso gindin ƴar tsagar da ke kansa ta cika shi daga ciki. In ta gaza, wuyan notin ya zama bututu fanko. Tagulla takan yi haƙuri da ɗan wannan kuskure, alminiyam ba ya yafewa.

Tun daga lokacin nakan dubi ɗan notin nan in ga halin mutane a jikinsa. Akwai mutumin da yake da kyan gani da sauƙin ɗauka, kowa yana sha'awarsa ranar farko, amma da zama ya yi zama, aka sha ruwa da rana tare, sai ka tarar ya ƙulle, ba ya gaba ba ya baya, in ka matsa masa da gyara ya fashe maka a hannu. Akwai kuma wanda ba a waiwayarsa, yana riƙe da nauyinsa shiru, amma duk ranar da aka zo aka ce ɗan matsa nan, ɗan sassauta can, sai ya juya ba gardama. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ina yi maka fatan irin na biyun, ɗana, a abokai da abokan sana'a, kuma ina fata kai ma ka zama shi ga waɗanda za su jingina da kai, domin riƙon amana da karɓar gyara ba sa rabuwa, wanda ya rasa ɗaya da wuya ɗayan ya daɗe a hannunsa.

Kada kuma ka ɗauka tagulla ba ta da lagonta, ba na so in yaba maka abu in ɓoye aibinsa. Zamanin da Turawan Ingila ke mulkin Indiya, sojojinsu sukan ajiye harsasai a bargar dawaki lokacin damina, in rani ya zo a tarar kwanson harsasan, waɗanda na tagulla ne, sun tsattsage ba wanda ya taɓa su. An daɗe ana mamaki, sai a 1921 masu bincike suka bayyana cewa iskar amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki ce ke haɗuwa da matsin da ke cikin ƙarfen ta tsaga shi. To notinka ma tagulla ce da ke cikin ja kullum. Saboda haka kada ka mayar da turken awaki ko gefen akurkin kaji wurin kwanan keke, kamar yadda nake gani a gidaje da yawa, kuma in ka ɗauko takin zamani ya zube a kan ƙafa, ka wanke da ruwa mai tsabta ka bar ta ta bushe a rana. Takin nan ba ya barin kowane ƙarfe lafiya.

Su ma na alminiyam ban ce haramun ne ba. Manyan masu yin sifok na duniya, irin su DT Swiss na Suwizalan da Sapim na Beljiyam, suna yin iri biyun, kuma na alminiyam ɗinsu mai kyau in gwani ya ɗaura shi, da waya mai cikakken tsawo, da mai a tiredi, a keken da ake wankewa ana ajiyewa a ɗaki, yakan yi shekaru. Sai dai na cikin ledarka ba suna ba shaida, ba mu san wane irin haɗi ba ne, kekenka kuma na aiki ne.

Idan ka je sayen na tagullar, ka tafi da waya guda daga ƙafarka, kada ka dogara da ido. Wayoyi suna da lamba, kuma lambar tana tafiya a juye, in ta ƙanƙanta wayar ta fi kauri. Lamba 14 kaurinta milimita 2 ne, ita ta fi yawa, lamba 15 milimita 1.8, lamba 13 kuma 2.3, sai 12 mai 2.6 wadda ake sa wa kekunan dako. Tarkon yana tsakanin 14 da 15, domin tazarar tiredinsu ɗaya ce, notin 14 zai hau wayar 15 lami lafiya kamar nata ne, sai an ɗame shi ya fara ɗaukar nauyi sannan ya zame. Ka murɗa da yatsu ka ji, in yana girgiɗi a kan wayar ba nata ba ne. Makullin ma haka, akwai mai baki 3.23 da 3.30 da 3.45, bambancin da ido ba ya gani amma noti yana ji a jikinsa. Ka nemi wanda ya zauna daram, in da hali mai kama kusurwa huɗu, kuma don Allah ka nisanta filaya da wannan aiki.

Kafin ka fara ɗauri, ka ɗiga ɗan mai a tiredin kowace waya, ka shafa ɗan giris a inda kan noti zai zauna a ramin rim. Mutane suna tsoron wai mai zai sa noti ya kwance. Abin da ke kwance noti shi ne sakin waya, ƙafar da aka ɗame daidai ba ta kwancewa don an sa mata mai. Sannan ka bi su a jere, ka fara daga ramin bawul don kada ka ɓata, kowane noti juyi kaɗan, ka zagayo, ka sake zagayowa, har ƙafar ta ɗauki ƙarfi gaba ɗaya. Da ta fara tauri ka koma rubu'in juyi. Lokaci lokaci ka kama wayoyi bibbiyu ka matse da hannu don su zauna a mazauninsu, ka kuma ɗan kaɗa kowace da farce ka saurara, waɗanda ke gefe ɗaya ya kamata muryarsu ta zo kusan ɗaya, wadda ta yi ƙasa da ƴan'uwanta tana gaya maka ta saki. Matasa a nan suke gajiya, su kama noti ɗaya su yi ta murɗa don su kashe rawar nan take, sai rawar ta gudu ta ɓullo a wani gefe, rim ya zama kamar ƙwai. Sannu ba ta hana zuwa. Ni ƙafa ɗaya takan ci mini daga azahar zuwa la'asar, yanzu da ido ya yi rauni ma har ta wuce haka.

Ledar taka kuwa kada ka zubar, kuɗinka ne. In mai shagon zai karɓa ya musanya maka da na tagulla, ko da ciko, ka yi haka, ka sayi 80 maimakon 72 domin ɗaya ko biyu sukan faɗa cikin rim ko su ɓace a ƙasa, sauran kuma ka ƙulle a tsumma ka ajiye a ƙarƙashin sirdi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka zo da ƙafafun biyu da wayoyin, makullina yana nan cikin gwangwanin da ka sani a bayan ƙofa. Zan zauna a gefe in riƙa kallo, kai za ka ɗaura da hannunka, mu fara da ta baya.